Oba-Oba Mai Araha Ta Ishi Jirgin Talaka, In Akwai Mai Sauraro A Gaɓa

Daga akawun reshen Kalmalo

 Maganar da na ke tafe da ita a wannan mako ta wani ɗan akwati ce wanda bai fi tafin hannu ba, mai tsinken eriya a ka, wanda muka saba gani a ƙugun 'yan sanda da masu gadin kamfani, watau oba-oba. Ra'ayina shi ne, kowane jirgin fito da ke ɗaukar mutane zuwa kasuwa ko gona a ƙasar Sakkwato ya kamata ya kasance da ita guda, ko da kuwa mai arahar nan ce ta ƙasar Sin. Amma fa da sharaɗi biyu: a tsare ta daga ruwa, kuma a sa wanda zai riƙa sauraro a gaɓa. In babu sharaɗi na biyun nan, to, kuɗin da aka sa sun tafi a banza.

Ku tuna da ran Lahadi 17 ga Agusta 2025. Jirgi ya taso da mutum fiye da 50 za su cin kasuwar Goronyo, ya kife da su a hanya. Labarin farko da hukumar agaji ta NEMA ta bayar shi ne an tsamo mutum 10 da rai, ana neman fiye da 40. Kafin wannan, a watan Afrilu 2022, mutum 29 suka halaka a Gidan Magana cikin ƙasar Shagari, galibinsu yara masu zuwa itace. Shekara ta kewayo, a watan Mayu 2023, aka sake rasa yara 15 a Dandeji, duk a ƙasar Shagarin. In kuwa muka leƙa maƙwabta, ga na Warra ta ƙasar Ngaski a Jihar Kebbi, ran 26 ga Mayu 2021, inda jirgi mai ɗauke da fiye da mutum 150 ya tsage a tsakiyar Kwara. Ga kuma na Bagwai ta Kano, ran 30 ga Nuwamba na shekarar, inda aka rasa aƙalla mutum 29, mafi yawansu 'yan makarantar Islamiyya. Allah Ya jiƙansu duka, Ya ba iyayensu haƙuri.

Duk sa'ad da irin wannan ya auku, mun san abin da ke biyo baya. Manya su zo ta'aziyya da jerin motoci, a ja kunnen masu jirgi a kan lodi, a yi alkawarin rigunan ceto, sa'an nan a watse sai kuma wani karo. Ni ban raina rigar ceto ba ko kaɗan, don ita ce ke riƙe mutum a bisa ruwa. Amma wanda riga ta riƙe, ai sai an zo an tsamo shi. To, wa ke zuwa? Hukumar agaji sai ta taso daga birni, kafin ta iso an riga an yi abin da za a yi. Masu ceton farko kullum su ne masunta da 'yan fito da ke kusa. Ko a ƙasashen da ke bakin teku haka abin ya ke. Sa'ad da jirgin Joola na ƙasar Sanagal ya kife da dare ran 26 ga Satumba 2002, mutum 1,863 suka halaka bisa ƙidayar hukuma, 64 kaɗai suka tsira, kuma masunta ne suka fara tsamo su da ƙananan jiragensu, agajin hukuma bai iso ba sai washegari. Ke nan abin tambaya shi ne, ta yaya kukan jirgin da ke nitsewa zai kai kunnen masuncin da ke bayan lanƙwasar gulbi, tun da sauran lokaci? Ihu ba ya wuce 'yan taku in iska na kaɗawa.

Watakila wani ya ce, ina ruwan mutumin Kalmalo da wannan zance, mu da ke bakin iyaka, kusa da Illela da Ƙonni? Ai mu ma mutanen ruwa ne. Tafkinmu na Kalmalo yana samun ruwansa daga Maggiya mai gangarowa daga ƙasar Adar ta Nijar, kuma tun da aka yi madatsun ruwa a kanta don noman rani na Ƙonni, tafkin bai koma yadda kakanninmu suka san shi ba. Maggiyar nan tana cikin ruwayen da Nijeriya da Nijar suka yi yarjejeniyar rabonsu a Maiduguri a 1990. Da ruwa ya ragu a gida, masunci ya kan bi shi inda ya ke, har Kainji da Chadi. Ɗan kasuwa kuma ya kan bi kaya inda su ke, albasa a Goronyo da Wurno, kifi a Yawuri. Duk wanda ke wannan yawo, ko ba daɗe ko ba jima sai ya sa ƙafa a jirgin fito. Saboda haka zancen nan namu ne.

Me Ya Hana Salula Ta Isa?

Na san za a ce ai kowa da salularsa a aljihu, mene ne na wani sabon kashe kuɗi? To, ku duba bambancin. Salula mutum ɗaya ta ke kira, kuma sai ka san lambarsa, sai yana kusa da wayarsa, sai ya ga dama ya ɗauka. Oba-oba kuwa in ka danna ka yi magana sau ɗaya, duk mai irinta da ke kan tasharku a kewayen nan ya ji ka a lokaci guda, ko ka san shi ko ba ka san shi ba. Salula tana cin kati, oba-oba ba ta cin ko kwabo bayan kuɗin saye da caji. Salula mai gilashi in hannu ya jiƙe ba ta jin taɓi, ga mutum a firgice yana lalube cikin sunaye, oba-oba kuwa maɓalli ɗaya ne a gefe, ko a duhu yatsa ya same shi.

Babban bambancin kuma shi ne, salula ba ta magana da 'yar'uwarta kai tsaye, sai ta bi ta dogon ƙarfen kamfani. Inda babu ƙarfen, ko ya lalace, ko an kashe shi, ta zama dutse a aljihu. Mun kuwa gani da idonmu. A watan Satumba 2021 an rufe sabis ɗin waya a Jihar Zamfara baki ɗaya, da ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na Jihar Sakkwato, saboda yaƙi da 'yan bindiga. A kwanakin nan jirage ba su daina fito ba, ruwa kuma bai daina cika ba. Oba-oba ita da 'yar'uwarta su ke magana, ba su neman iznin ƙarfen kowa.

Ina Iyakacin Muryarta?

A nan ne ya kamata mai saye ya buɗe ido, don masu yin kwalin su kan rubuta nisa da ƙarfi waɗanda abin da ke ciki bai kai ba. Gaskiyar maganar ita ce, muryar oba-oba a miƙe ta ke tafiya kamar ganin ido, ba ta bin lanƙwasar ƙasa, kuma tudu da duhuwar itatuwa da kacalla su kan rage ta. Masana suna da lissafinsu a kan wannan. Mutum biyu da ke tsaye a jirage, kowa da tasa a bakinsa, kamar mita ɗaya da rabi daga fuskar ruwa, iyakacin abin da lissafi ya ba su shi ne wajen kilomita 10 a buɗaɗɗen ruwa. A aikace kuwa, a gulbi mai gaɓa da ciyayi, mutum ya sa ransa a kan kilomita 3 zuwa 5. Amma in aka ɗaga eriyar ta gaɓa a kan sanda mai tsawon mita 9, lissafin ya kan kai wajen kilomita 17, in mita 16 ce ya wuce 20. Ƙa'idar ita ce, in ka ninka tsawo sau huɗu, nisan da eriyar ke hange ya ninka sau biyu.

Abin da wannan ke koya mana shi ne, tsawo ya fi ƙarfi amfani. Ta hannu, mai tsada da mai araha, ƙarfin mafi yawansu bai wuce wat 5 ko 6 ba, saboda haka a wajen nisa babu wata babbar rata tsakaninsu. Matuƙin da ya miƙe tsaye ya riƙe tasa da eriya tana kallon sama, ya fi wanda ya sayi mai tsada ya ajiye ta kwance a cikin jirgi. Kilomita 3 kuwa, a yawancin mashigan Rima da gulbin Sakkwato, sun ishi kira ya kai gaɓa biyu. Sai a tafkin Kainji, mai tsawon fiye da kilomita 130, a nan ne tilas a nemi doguwar sanda a kowace tasha.

Zancen Ƙarko

Oba-oba iri biyu ce a kasuwa. Akwai wadda aka ƙera musamman don jirgin ruwa, irin ta kamfanonin Icom da Standard Horizon na Japan. Ita an toshe duk wata kafa tata da roba, kuma da yawa cikinsu in sun faɗa ruwa su kan taso su yi iyo. Akwai kuma mai araha ta ƙasar Sin, wadda mafi shahararta ita ce ta Baofeng, kamar UV-5R da ta fito wajen 2012, da ƙaramar nan BF-888S mai tasha 16 wadda ba ta da gilashi. Waɗannan biyun don tudu aka yi su, ba a toshe su daga ruwa ba, kuma masu yin su ba su ce an toshe ba. Kuɗin guda ɗaya ta Japan ya kan sayi huɗu ko fiye na waɗannan.

Ga yadda mai saye zai gane abin da ya riƙa. A jikin kwali ko bayan akwatin a kan sa haruffa biyu, IP, da lambobi a gabansu. In ka ga IPX4, to, yayyafi da fantsamar ruwa kaɗai ta ke jurewa. In ka ga IPX7, ma'anarsa an gwada ta cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya har minti 30 ba ta sha ba. In kuwa IP67 ne, lambar 6 ɗin tana nufin ƙura ma ba ta shiga, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga mu masu hunturu. In babu ko ɗaya, ka ɗauka kaza ce, ba agwagwa ba. Yanzu akwai masu araha da ke ɗauke da lambar IP67 a kwali, amma rubutu ba shi da wuya. Ɗan kasuwa ya san maganin wannan: ka ce wa mai sayarwa ya tsoma ta cikin bokiti a gabanka kafin ka biya. In ya yarda, madalla. In ya fara kame-kame, ka saye ta a kuɗin wadda ba a toshe ba, ko ka yi gaba.

Hausawa sun ce araha ba ta ado, gaskiya ne kuwa. Amma mu ba ado mu ke nema ba. Mu tambayi kanmu, mene ne ainihin abin da ke kashe mai arahar? Ruwa ne na farko, ya kan shiga ta ramin da a ke soka abin kunne, da ta bakin lasifika, da wurin da batir ke haɗuwa da jiki. Na biyu rana. Batirin irin na salula ne, zafi ke cin ransa, mu kuwa a nan zafin Afrilu ya kan wuce awo 40, balle a bar shi a kan katakon jirgi da tsakar rana. Na uku hannu: a ɗauke ta ta eriya kamar an kama zomo ta kunne, har gindin eriyar ya saki. In kuwa aka danna aka yi magana eriya ba ta ɗaure, cikinta na iya ƙonewa. Na huɗu caja, wadda ita ce mafi rauni a cikin kayan duka, wutar janareto mai hawa da sauka ba ta barinta ta daɗe.

To, duba fa, duk huɗun nan babu wanda maganinsa ya fi ƙarfin talaka. A sa ta cikin leda mai kauri, irin mai zif ɗin nan, a ɗaure bakin, murya tana ratsa leda, maɓalli kuma yana dannuwa ta waje. A ɗaura mata igiya da robar lemo wadda babu kome a ciki, an rufe murfin, don in ta suɓuce kada ta tafi ƙasa. A rataya ta a wuyan matuƙi ƙarƙashin riga, nan ga inuwa, kuma in jirgi ya kife tana tare da shi. Wadda aka kulle cikin akwatin kayan inji, ranar da a ke nemanta tana ƙarƙashin ruwa. Batir na biyu ya zauna cikin bokitin fenti mai murfi. Caji kuwa a yi shi da sola ko inda wuta ta ke a daidaice. In ƙaddara ta sa ta jiƙe, kada a kunna don a gani ko tana yi, wannan gwajin shi ke ƙarasa ta. A zare batir nan take, a girgije ruwan, a bar ta a inuwa mai iska kwana biyu ko uku. Mun ma yi sa'a ruwanmu ba na gishiri ba ne. Ruwan teku ya kan cinye ƙarfen cikinta da sauri, ruwan gulbi kuwa sau da yawa in ta bushe sarai ta kan tashi.

Yanzu mu yi lissafi irin na kasuwa. A ce mashigi yana da jirage biyar, kuɗin da aka tara kuma ya isa ko dai mai tsada guda, ko masu araha biyar. In aka sayi gudan nan, da wa za ta yi magana? Oba-oba ɗaya tilo kamar takalmi ƙafa ɗaya ce. In kuwa aka sayi biyar, ko ɗaya ta mutu a shekara, huɗu suna aiki, kuma mayar da gurbinta ba zai karya kowa ba. Wanda Allah Ya hore wa, ya sayi ta ruwan, ita ta fi, ba ni musu. Amma kada jiran mai tsada ya sa damina ta sake kamawa jirage suna tafiya bebaye.

Abu ɗaya na ke gargaɗi a kai. Ba kowace oba-oba ke jin kowace ba. Ƙaramar BF-888S a wani zango ta ke aiki dabam da na jiragen teku, lamba 16 da ke jikinta kuma ba ita ce tasha ta 16 da zan ambata a gaba ba. Don haka kada kowa ya tafi ya sayo tasa shi kaɗai. A sayo iri ɗaya a lokaci ɗaya, mai gyaran rediyo ya daidaita su duka a zama ɗaya, a gwada su daga gaɓa zuwa gaɓa kafin a sallame shi.

Kunne Ya Fi Akwati

Mun zo ga sharaɗi na biyu, wanda shi ne ƙashin bayan maganar. Duniya ta koyi wannan darasi da tsada. Daren 14 ga Afrilu 1912 jirgin Titanic ya yi karo da dutsen ƙanƙara a tekun Atlantika, yana da wayar iska mafi kyau ta zamaninsa, ya kuwa yi ta kira. Jirgin Carpathia da ke nesa da fiye da kilomita 100 ya ji, ya juyo, ya tsamo wajen mutum 700. Akwai wani jirgi, Californian, wanda nisansa bai kai rabin wannan ba, amma ma'aikacin wayarsa guda ne tak, kuma ya riga ya kashe ya kwanta. Mutum wajen 1,500 suka halaka. Saboda wannan ne ƙasashe suka taru a London suka yi yarjejeniyar 1914, wadda a cikinta aka ce manyan jirage su riƙa sauraro dare da rana. Har wa yau a teku akwai tasha guda, ta 16, a kan megahaz 156.8, wadda aka keɓe don kira da neman agaji, jirage da masu tsaron gaɓa suna barin kunnensu a kanta.

A mashigan ƙauyukanmu wa ke sauraro? Ba kowa. Ga shi kuwa ba sai an kawo baƙo ba, muna da Sarkin Ruwa, muna da shugabannin 'yan fito, muna da masu shayi da masu awo waɗanda ke wuni a bakin ruwa. Abin da a ke bukata kaɗan ne. A ajiye oba-oba guda a gaɓa, eriyarta a kan doguwar sanda ko a bisa itace, da ɗan faifan sola. A sa mutum biyu su riƙa karɓa-karɓa tun daga jirgin farko har na ƙarshe, a riƙa ba su wani abu daga kuɗin fito, don aikin da ba lada ba ya daɗewa. A ajiye jirgi guda a ɗaure, da mai a cikin inji, ranar kasuwa musamman. Kowane matuƙi in zai tashi ya faɗi sunansa da yawan mutanen da ya ɗauka, in ya isa ya ce ya isa. Da wannan kaɗai an huta da abin takaicin nan da mu ke ji kullum, jirgi ya kife a kwana uku ana gardamar mutum nawa ne a ciki.

Sai kuma ladabin magana. Oba-oba ba ta ɗaukar baki biyu a lokaci guda, in wani ya danne, kowa ya yi shiru dole. Saboda haka tashar agaji ba wurin gaisuwa ba ce, ba wurin tambayar farashin albasa ba, ba kuma abin wasan yara ba. A keɓe wata tasha dabam don hira. Mai neman agaji kuma ya danna, ya ɗan dakata kamar numfashi ɗaya, ya faɗi abu uku: ni wane ne, ina wuri kaza, mu kaza ne. Sa'an nan ya saki maɓallin don ya ji amsa. A koya wa yaron jirgi ma, don ba a san wanda ruwa zai fara ɗauka ba.

Abin Da Masu Musu Za Su Ce

Za su ce oba-oba ba ta hana lodi, ba ta toshe jirgin da ya ruɓe. Haka ne. Hukumar NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedkwata a Lakwaja, ta hana lodi fiye da kima da tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar ceto, waɗannan duka suna nan a kan bakansu. Amma ku duba dalilin lodin. Sau da yawa mutane su kan cushe cikin jirgi ɗaya ne don ba su san ko wani na tafe ba, ga rana tana yi, ga kasuwa tana ci. In mai sauraro ya iya kiran gaɓar can ya ce a turo jirgi na biyu, ya kuma shaida wa jama'a ga shi nan tafe, rabin turereniyar ta kwanta. Haka nan wanda ya fara hango hadari ya taso daga gabas, ko ya ci karo da kututture, ko ya ga ruwa ya ƙaru don an buɗe madatsar Goronyo, da magana ɗaya ya sanar da kowa. Amfaninta na kullum ke nan, kuma ya fi na ranar hatsari yawa.

Za su kuma ce ai 'yan bindiga ma suna riƙe irinta, wanda aka gani da ita zai shiga uku a hannun jami'an tsaro. Wannan magana ce mai nauyi, ban kuwa ɗauke ta da wasa ba. Shi ya sa na ke cewa kada kowa ya saya a ɓoye. Iskar da a ke magana a cikinta tana da doka, sai da iznin hukuma, kuma masu arahar nan in ba a kulle su ba su kan iya faɗawa tashar da ba tasu ba. Balle mu na bakin iyaka, da muryarmu ke iya tsallakawa Ƙonni ba fasfo. Hanyar ita ce ƙungiyar 'yan fito ta nemi izni da sunanta, a rubuta lambar kowace oba-oba da sunan jirginta a littafi, kofe guda wurin hakimi, guda wurin 'yan sanda, a shafa lambar jirgin da fenti a jikinta, a kulle ta a kan tasha biyu kawai. Ku kuma 'yan kasuwa ku riƙe wannan: duk abin da aka faɗa a oba-oba, kowa na iya ji, har wanda ba a so. Kada a kuskura a ambaci kuɗi, ko yawan shanu, ko sunan attajirin da ke cikin jirgi.

Akwai kuma masu cewa in kwana ya ƙare ba akwatin da zai hana. Ba mai gardama da wannan. Amma wanda ya faɗi haka, in dare ya yi ai yana kulle shagonsa, yana kuma ɗaure jakinsa.

Saura aiki. Ku 'yan fito, ku zauna tun kafin ruwa ya sauka, ku yi karo-karo kamar yadda ku ke yi in inji ya lalace. Ku 'yan kasuwa, ku ne masu biyan kuɗin fito, saboda haka kuna da bakin magana. Kafin ka sa buhunka a jirgi, tambayi matuƙi ina rigar ceto, ina oba-oba, wa ke sauraro a gaɓa. In mutum goma suka yi wannan tambaya ran kasuwa ɗaya, mako mai zuwa za a ga canji. Ƙungiyoyinku na masu albasa da masu kifi da masu hatsi kuma ba za su gaza sayen sanda da faifan sola na mashigi guda ba.

Ku kuma shugabannin ƙananan hukumomi da ke da gulbi a ƙasarku, kuna karɓar kuɗin tikiti a kasuwannin da jiragen nan ke ciyarwa, ba ku taɓa mantawa da ranar karɓa ba. Abin da mu ke nema bai kai kuɗin man motocin da a ke ƙonawa zuwa ta'aziyya guda ba. Ku ɗauki albashin masu sauraro a kanku, ku kuma tsaya wa ƙungiyoyin 'yan fito su sami izni ɗaya na gaba ɗaya, kada a ce kowane mai jirgi sai ya tafi Abuja da ƙafarsa. Wakilanmu da ke majalisa a Sakkwato su tayar da maganar tun rani, lokacin da gulbi ke kwance, don ran da ya cika ba ya jiran a gama muhawara.

Allah Ya kiyaye matafiya, na ruwa da na tudu, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Sai wani makon.